Keken Jariri Ko Goyo?

Yau zancena a kan keken jariri ne. Irin mai naɗewar nan, wani injiniyan Ingila, Owen Maclaren, shi ya ƙago shi a 1965. To, mai niyyar saye ya lura da abu uku. Na fari, jaririn da bai kai wata 6 ba wuyansa bai yi ƙwari ba, sai keken da zai kwanta a miƙe. Na biyu, a gwada birki da maɗaurin yaro. Na uku, ƙananan ƙafafu sukan kafe cikin rairayi. Kada kuwa a lulluɓe keken da zane, zafi yakan taru ya galabaitar da yaro. Ni dai a ganina, inda babu kwalta, zane da majanyi sun fi.