Kafin mu ce "a ba ni ful opsiyon", mu tsaya mu yi lissafi

Maganar yau ta sabuwar mota ce, kuma mun san tun ba mu kai ƙarshen layi ba wani zai rubuto ya ce: "Ana ta kan buhun hatsi, wa ke ta sabuwar mota?" Gaskiya ne. Mafi yawanmu in mun samu hali, okaziyon muke saye, irin wadda ta sauka Kwatano ko Lome bayan ta gama yawonta a Turai. To amma akwai masu sayen sabuwa dal a cikinmu: ma'aikacin da banki ya ba bashi, ɗan kasuwar da ya gaji da zaman garaji, hajiyar da ke son motar kai yara lekol, da wanda ɗansa ya aiko masa daga waje. Kuma motar da suka zaɓa yau, ita ce mu sauran za mu saya hannu na biyu nan da shekara biyar ko shida. Ke nan maganar ta shafe mu duka.

Duk wanda ya shiga gidan sayar da sababbin motoci a Yamai ya ga yadda abin yake. Ƙaramar mota guda, suna guda, jiki guda, amma farashi biyu ko uku. Akwai ta ƙasa, akwai ta tsakiya, akwai ta sama wadda muke kira ful opsiyon. Kamfani yana bambanta su da haruffan da ya liƙa a bayan mota. Suzuki, alal misali, yana da GL da GLX. Mai sayarwa kuwa ta saman zai fara buɗe maka. Ka zauna, ka shaƙi ƙamshin sabuwar kujera, allo ya kama da haske, a danna maɓalli inji ya tashi ba tare da an murɗa makulli ba. Kafin ka fito, ta ƙasan ta koma maka kamar amalanke. Aikinsa ne, ba mu ga laifinsa ba. Namu aikin shi ne mu san abin da muke biya.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: a biya kuɗin abin da ba a iya ƙara wa mota bayan ta baro masana'anta, a yi haƙuri da abin da kowane garaji zai iya sa mata daga baya. Rediyo, allo, kyamarar baya, rigar kujera, janti masu walƙiya, duk ana samunsu a kasuwa ranar da aljihu ya yarda. Amma jakar iska ta haɗari, wato erbag, da birkin ABS, da na'urar hana mota juyawa da ake kira ESP ko ESC, waɗannan tare da motar ake haɗa su. Babu makanike a Maraɗi ko Damagaram da zai dasa maka su yadda kamfani ya yi. In ka bar su a gidan sayarwa, ka bar su ke nan har motar ta tsufa.

Wani zai ce ai duk sabuwar mota tana da su. A Turai haka ne, domin doka ta tilasta: tun watan Nuwamba na 2014 ba a yi wa sabuwar ƙaramar mota rajista a Tarayyar Turai sai da ESC. Sai dai yawancin ƙananan motocin da ake kawo mana sababbi ba don kasuwar Turai aka ƙera su ba. Da dama daga Indiya suke fitowa. Toyota Starlet ɗin da ta shigo kasuwannin Afirka a 2020, Suzuki Baleno ce da ake ƙerawa a Indiya aka sauya mata tambari. Kuma kowace kasuwa da irin kayan da ake sa wa motar da za a aika mata. Harafin da ke nufin cikakkiyar mota a wata ƙasa yana iya zama na tsakiya a wata. Shi ya sa bidiyon da ka kalla a YouTube na mai gwada mota a Dubai ko Faransa ba hujja ba ne a kan wadda ke tsaye gabanka a Yamai.

Ga misalin da ya kamata kowane mai saye ya riƙe. A watan Janairun 2014, ƙungiyar Global NCAP, mai gwada ƙarfin motoci ta hanyar buga su da gangan, ta ɗauki ƙananan motoci biyar da ake sayarwa a Indiya: Tata Nano, Suzuki Alto 800, Hyundai i10, Ford Figo da Volkswagen Polo. Duka na ƙasa ne, marasa jakar iska. Aka buga su a gudun kilomita 64 a awa. Cikin taurari biyar da ake bayarwa na kare babban mutum, babu wadda ta samu ko ɗaya. Sai Volkswagen ya sa wa Polo jakar iska biyu, aka gwada wannan, ta samu taurari huɗu. Mota guda ce fa, ƙarfe guda. Abin da ya raba sifili da huɗu shi ne kayan da aka cire don farashi ya sauka. Kuma kilomita 64 wane gudu ne a wurinmu? Wanda ya bar Dosso ya miƙi hanyar Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni ya san inda allurar take kaiwa.

Gwajin ya nuna wani abu kuma: a wasu daga cikin motocin, jikin ne da kansa ya lotse, ta yadda ko da jakar iska ba lallai ta yi ceto ba. Don haka kafin a kai ga zaɓen GL ko GLX, a fara tambayar ko ita kanta motar an taɓa gwada ta. Tun 2017 wannan ƙungiya take gwada motocin da ake sayarwa a Afirka, kuma sakamakon yana intanet, kyauta. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: jakar iska tare da ɗamarar kujera take aiki. Wanda ya biya kuɗin erbag shida amma ya ƙi ɗaura sentir sai ya hango ƴan sanda, ya yi asarar kuɗinsa.

Na biyu bayan tsaro, kilim. A nan ba mu da ja. Wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson Yamai ƙarfe biyu na rana cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba sai an yi masa wa'azi ba. Direban da zafi ya galabaitar gyangyaɗi yake yi, ga ƙurar hunturu in ka sauke gilashi. In ta ƙasan ba ta da kilim, a tsallake ta. Amma a lura: ta sama takan zo da kilim mai sarrafa kansa, wanda kake sa wa lamba, ta tsakiya kuma da na murɗawa da hannu. Sau da yawa injin sanyin iri ɗaya ne, maɓallan ne suka bambanta. Ka kunna duka biyun a tsakar rana ka ji da jikinka kafin ka ƙara ko dala.

Yanzu mu zo kan kayan da ke ɗaukar ido. Ta sama takan zo da manyan janti na alminiyom, lamba 16 maimakon 14 ko 15 na ƙarfe. Suna da kyau, wallahi. Amma in janti ya girma, ƙaurin robar taya raguwa yake yi, kuma robar nan ita ke shanye dukan rami. Jantin ƙarfe in ya lanƙwashe, mai faci na bakin hanya zai sa guduma ya miƙe shi ka ci gaba da tafiya. Na alminiyom yana iya tsagewa, kuma ba kowane gari za ka samu irinsa ba. Tayar ma ta fi tsada. Wanda ke zirga-zirga a jar hanya ko cikin rairayin ƙauyukanmu, ƙaramin janti da taya mai kauri ya fi masa. Kada kuma a manta a ɗaga shimfiɗar but a duba tayar safaya: cikakkiya ce, ko ƴar siririyar nan da aka rubuta mata kada a wuce kilomita 80 a awa? Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne, ba tafiyar ƴar siririya ba ce.

Rufi mai buɗewa an yi shi ne don mutanen da ke marmarin rana. Mu da muke neman inuwa fa? Ga ƙura da ke toshe ƴan hanyoyin da ruwa ke bi, sai damina ta faɗi ka ga ɗigo a kan kujera. Kujerar fata kuma, ka bar ta awa ɗaya a rana ka dawo ka zauna, za ka ba da labari. Makullin da ba a murɗawa yana da daɗi, sai ranar da ya ɓata: maƙerin makulli na kasuwa ba ya yanka shi, sai an sayo sabo an haɗa shi da kwamfutar motar. Fitilar LED ta fi haske, kuma ga mai tafiyar dare a hanyar da jakai da shanu ke tsallakawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a tambayi farashinta tun yanzu, domin a motoci da yawa in ta mutu gaba ɗayan gidan fitilar ake canzawa, alhali ta da ƙwai ɗaya za ka saya.

Giya da inji su ma a duba su da idon garinmu. Otomatik na hutar da ƙafa a cikin gari, kuma mun ga yadda ta sauƙaƙa wa mata da dattawa tuƙi. Amma otomatik iri-iri ce: akwai ta asali, akwai CVT, akwai AMT wadda giyar hannu ce da na'ura ke canzawa. Kowace da man da take sha da wanda ya iya gyaranta. Ka tambayi wace iri ce, sannan ka je wurin makanikenka ka ji ko ya san ta. In kuma ta sama tana da ƙaramin inji mai turbo, ka tuna cewa irinsa ba ya son gurɓataccen mai. In a gidan mai kake sha kullum, to madalla. In kuwa ka san tafiya takan kai ka ga kwalaben ƴan ruwa-ruwa, inji marar turbo ya fi haƙuri.

Sai lissafin kuɗi, wanda ƙamshin sabuwar kujera kan sa mu manta. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, tsakanin ta tsakiya da ta sama akwai miliyan 2 na sefa, kuma bashin banki ne na wata 48. Wannan ya kama kusan jika 42 kowane wata, ban da ruwan banki. Shekara huɗu kana cire jika 42 daga albashi don allo da janti. In ka ɗauki asiransi mai rufe komai, ita ma da darajar mota ake lissafa ta, sai ta ƙaru. Kowa ya san abin da jika 42 ke yi a cefanen gida, da kuɗin lekol, da ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Mun ga mutanen da suka hau ful opsiyon, wata bai kai ashirin ba mota ta koma ƙarƙashin rumfa saboda babu na mai.

Masu ra'ayin ta sama suna da hujjarsu, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa ranar sayarwa ta fi saurin fita da farashi mai kyau. Akwai gaskiya a ciki, domin kasuwarmu na son ful opsiyon. Amma mu dubi abin da mai sayen hannu na biyu ke fara tambaya: inji lafiya? Kilim na sanyi? Otomatik ce? Takardu cikakku ne? Allon da ya burge a bana, nan da shekara biyar wayar hannunka ta wuce shi. Akwai kuma inda muke tare da su ɗari bisa ɗari: in kamfani ya ɓoye ESP da ƙarin jakunkunan iska a ta sama kaɗai, kuma kana da hali, to ka saye ta, janti su zo a matsayin gyara. In babu hali, gara ka duba motar wani kamfani da ya sa su tun daga ta ƙasa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar tsaro ba.

Saboda haka, ga wanda ke shirin zuwa, kada ya tafi shi kaɗai. Ya ɗauki makanikensa ko wani da ya san mota kuma ba ya jin kunyar tambaya. Ya nemi takardar bayanin kowace daga cikinsu, wadda suke kira fish teknik, a jera su a tebur layi-layi. Jakar iska nawa? ABS da ESP akwai? Kujerun baya duka suna da ɗamara? Akwai maƙalar kujerar jariri, ISOFIX? Garanti shekara nawa ko kilomita nawa, kuma in aka sa rediyo ko kyamara a waje yana ɓata shi? Wannan ta ƙarshe a ji amsarta a rubuce, domin taɓa wayoyin lantarki na iya kashe garanti. Sannan a koma gida a kwana a kai, a yi shawara da uwargida, tunda tukunyarta ce za ta ji a jika in lissafi ya karkace. Motar ba za ta gudu ba.

Maƙwabta za su zo ganin mota, su yi barka, su shafa janti, mako ɗaya su manta. Bashin kai kaɗai zai rage wa, kuma iyalinka ne za su zauna a ciki ranar da saniya ta faɗo hanya bayan magariba tsakanin Madawa da Maraɗi. Da wannan ranar ya kamata a yi zaɓi.

Waɗanda suka sayi sabuwa a cikinku, ku faɗa mana a ƙasa: wane abu ne kuka biya kuka ji daɗinsa, wane ne kuma har yau ba ku taɓa danna shi ba? Allah ya kiyaye hanya, ya ba marar ita tasa.