Wanda Ya Ba Da Karatu Kyauta, Ya Rubuta Izininsa

 Ga wata magana da ta shafi kowane mai alƙalami.

Ku sani, a da idan malami ya wallafa littafi, almajiri yakan are shi ya kwafe da hannunsa, ya bar sunan mawallafi a farko, ya sa nasa a ƙarshe, ba mai kai shi gaban alƙali. To, yau hukunci ya sāke. Bisa yarjejeniyar da aka fara ƙullawa a birnin Bern a 1886, wadda Najeriya da Nijar suka shiga, rubutu mallakar mai shi ne ko bai yi rajista ba. A dokar Najeriya haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa.

Saboda haka malamin da ya watsa darasinsa a intanet bai rubuta kome a kai ba, shirunsa hani ne a wurin doka. Mai tsoron haƙƙi ba zai buga ba, ba zai fassara ba. Marar tsoro kuwa ya kankare sunan ya kai kasuwa. In malamin ya rasu, magana ta koma hannun magada, watakila ma ba su san niyyarsa ba.

Maganin abin layi ɗaya ne. Wata ƙungiya a Amurka, Creative Commons, ta fitar da takardun izini a 2002, marubuci ya zaɓi wanda ya so ya rubuta a kan darasinsa: a kwafa, a raba, amma a ambaci sunana. Yana iya ƙara sharaɗin kada a yi ciniki da shi, ko kada a sauya shi, ko wanda ya sauya ya sake nasa da irin wannan izini. Wikipedia ta Hausa a kan na ƙarshen nan take.

Mu dai ba mu son sharaɗin hana sauyawa, don shi ke hana a fassara darasin Larabci ko Turanci zuwa Hausa a raba. Hana ciniki ma a auna shi da kyau. Almajirin da ba shi da waya takarda kaɗai ke isa gare shi, mai bugawa kuwa sai ya fid da kuɗin takarda da tawada.

Amma fa a yi shawara kafin a rubuta, don izinin nan ba a janye shi daga wanda ya riga ya karɓa. Kuma abin da ka ɗauko daga littafin wani ba naka ba ne balle ka kyautar.