Mun ga rufin gidajenmu daga sama, to sai me?



Kwanakin nan in ka zauna majalisa bayan isha'i, da wuya ba ka ga samari sun taru kan salula guda ba, ana ta "jawo nan, matso can!" Google Earth ake kallo. Wani ya nemo rufin gidansu, wani dutsin Dogondutsi, wani ya tsallaka har Makka ya ga Ka'aba bai biya kuɗin jirgi ba. Ƴan cin rani da ke Legas da Kwatano suna leƙo gonakin gida. Mu ma mun yi, kuma wallahi da daɗi. Amma a ganinmu mun tsaya bakin rijiya muna kallon fuskarmu, ba mu ɗebi ruwa ba.

Da farko mu sani, hoton nan ba na yau ba ne. Tauraron ɗan Adam ya ɗauke shi wata da watanni, wani ma shekaru da sunka wuce. Nan fa amfanin yake, don manhajar tana ajiye tsofaffin hotuna, kana iya komawa baya ka gwada da na yanzu. Na tauraron Landsat sun kai har 1984.

Ga misali nan kusa. Wani masani Ba'amurke, Gray Tappan, ya jera hotunan sama na 1975 da na bayan 2000 na jihohin Maradi da Damagaram. Sai ga shi manoma sun raya itatuwa kusan miliyan 200, da gawo da sauransu, kan fili hekta miliyan 5, ta hanyar barin tohon da ke fitowa cikin gona. Da hoto duniya ta yarda da aikin talakan Nijar.

To mu fa a Dallol Mawri? Kowace damina muna gardama iri guda. Manomi ya ce burtali bai taɓa biyowa nan ba, makiyayi ya ce gona ce ta cinye shi. Wani lokaci maganar ba ta ƙarewa sai an zubar da jini. Ruwa kuma na gangarowa daga tudu yana yanka gonaki, kowa na cewa "bara ba haka ramin yake ba", babu mai shaida.

Shawararmu ita ce, ɗalibanmu da sunka iya kwamfuta su zauna da dattawan kowane gari, su fitar da hoton da da na yanzu: ina burtali, ina tabki, ina zaizayar ta kai. A kai wa maigari, a kai ma'aikatar magajin gari, a kai wa kwamitin filaye, wato Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta kafa.

Sai dai hattara. Hoto bai san mai gona ba, bai san aro ko jingina ko gado ba. A tsofaffin hotunan Landsat, ɗigo guda mita 30 ne, ba ya nuna iyaka. Kada wani ya ɗauko salula ya ce zai ƙwace gonar maƙwabcinsa. Hoto shaida ne, hukunci na dattawa da hukuma ne.

Ku da kunka duba garinku, me kunka gani ya sake? Ku faɗa muna. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.