Wanda Ke Cikin Rigar Mickey Mouse Ma Mijin Wata Ne

A makarantun kuɗi na Kano da Kaduna da Abuja, da wuya a yi bikin ƙarshen shekara ba a ɗauko masu nishaɗantar da yara ba: mai rigar Mickey Mouse, mai wasan 'yartsana, mai ba da tatsuniya a kan dandamali. Iyaye su biya kuɗin biki, su ɗauki hoto, su watsa a WhatsApp. Amma a ce wa ɗaya daga cikinsu ƙanwarsa likita za ta auri wanda ke cikin rigar, nan take fuskarsa za ta sauya. Wadda ta riga ta auri irinsa kuwa ta san tambayar da ke jiranta a kowane taron suna: "Har yanzu maigidan naki bai samu aiki ba?" Idan mace ce ke sana'ar, mijinta ke shan zunɗe, a ce ya bar iyalinsa tana tsalle-tsalle a bainar jama'a.

Wannan raini yana da tushe. Bahaushe ya daɗe yana jera sana'o'i hawa-hawa, ya ajiye maroƙa da 'yan kama da 'yan gambara a ƙasa. Ana jin daɗinsu a wurin biki, ana gudun haɗa zuri'a da su. Abin mamaki shi ne 'yan boko, waɗanda suka yarda ɗan maƙeri ya zama alƙali, sun riƙe wannan ma'auni gam a kan mai wasan yara.

Tarihin da suke alfahari da shi ma bai goyi bayansu ba. Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ɗaya daga cikin wasannin Hausa na farko da aka buga, darasin tsabta da kiwon lafiya ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da wasan kwaikwayo tun shekarun 1970, tana ba da digiri a kansa. Tashe kuma, da ake farawa bayan azumi ya kai goma, makaranta ce ta gyaran hali da yara ke gudanarwa a ƙofar gidaje. Ta yaya abin da jami'a ke koyarwa zai zama abin kunya ranar da mutum ya ci abinci da shi?

Sana'ar kuma ba ta rago ba ce. Babba yakan tafa saboda kara ko da wasa bai yi armashi ba. Yaro ba ya kara. Idan ya gaji zai tashi, ko ya fashe da kuka, ko ya ja na kusa da shi faɗa. Wanda zai riƙe hankalin zaure cike da 'yan shekara biyar na rabin awa yana buƙatar murya da juriya da sanin halin yaro, abin da malaman firamare da yawa ke fafutukar samu.

Akwai ƙorafi na gaskiya, kuma bai kamata a kauce masa ba. Kuɗin sana'ar na zuwa ne lokaci-lokaci: Sallah ƙarama da babba, Ranar Yara ta 27 ga Mayu, da bukukuwan yaye ɗalibai a wajajen Yuli. Tsakaninsu sai a yi makonni shiru, albashin abokin zama ya ɗauki gida. Ranakun aikin kuma su ne ranakun hutun iyali. To amma manomi ma kaka yake jira, ɗan kwangila yakan yi wata shida ba a biya shi ba, kuma babu surukin da ke ce musu su nemi aikin gaske. Maganin wannan matsala yarjejeniya ce a rubuce, da biyan rabin kuɗi kafin ranar wasa, da makarantu su daina cinikin mai wasa kamar ana sayen tumatir. Masu damuwa da tarbiyya su duba abin da ake nunawa a dandamalin, su yi hukunci a kansa.

Illar rainin kan yara take ƙarewa. Mai basira da ya gaji da gori yakan ajiye sana'ar don gidansa ya zauna lafiya, dandamali ya koma hannun wanda ya yi hayar riga kawai, ya kunna waƙar Turanci yana ɗaga hannu. Daga nan iyayen da suka kore shi su dawo suna kukan 'ya'yansu ba su san Gizo da Ƙoƙi ba. Gyara daga cikin gida zai fara: matar da aka tambaya aikin mijinta ta faɗe shi da sunansa, ba tare da ta sunkuyar da kai ba, dangi kuma su koyi amsawa da "Allah ya ba da sa'a".