MASU CIN KASUWA DA CIWON 'YA'YAN TALAKAWA

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau maganarmu a kan yara ce. Akwai lalurar da ake kira galahanga. Yaro ya kai shekara uku ko huɗu ba ya magana, ba ya kallon idon uwarsa, sai ya yi ta maimaita abu guda. Likitocin duniya sun ce ba ƙwaya ko ruwan da ke warkar da ita, sai dai koyarwa da horon magana da haƙuri. To, nan ne 'yan damfara suka ga kasuwa ta buɗe.

Wai sun ce zaiba ce ta taru a jikin yaron, sai a wanke masa jini. Wannan wankin jini magani ne na gaskiya, amma na mai gubar dalma. Mun gani a Zamfara a 2010, sa'ad da dalmar wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Likitocin MSF sai da suka auna jinin yara, suka ga dalma, kana suka ba da maganin, suna lura. Yaron da ba shi da dalma fa, me za a wanke masa? A 2005, a Jihar Fensilbeniya ta Amurka, an ɗura wa wani yaro ɗan shekara 5 mai galahanga irin wannan magani ta jijiya. Maganin ya kwashe sinadarin kalsiyam na jininsa, zuciyarsa ta tsaya. Iyayensa lafiya suka je nema.

Na biyun ya fi wannan muni. Wani ruwa ne da suka laƙaba wa suna MMS, wai ruwan mu'ujiza. In an haɗa shi da ruwan tsami sai ya zama irin sinadarin da masana'antu ke fid da launin tufafi da takarda da shi. Bilic ke nan, jama'a! Ana ba yaro ya sha, wasu ma ta dubura ake ɗura musu. Yaro ya kama amai da zawo har ruwan jikinsa ya ƙare. Uwa ta tsorata ta koma wa mai magani, sai ya ce mata kada ta damu, ai cutar ce ke fita, ta ƙara. In fatar hanjin yaro ta saluɓe ta fito, ya ce tsutsa ce. Subhanallahi! Wace irin rashin tausayi ce wannan?

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan ruwa a 2010, ta sake a 2019. A 2023 kotu a Miyami ta ɗaure Mark Grenon da 'ya'yansa uku, waɗanda suka fake da sunan coci suna sayar da shi. Kada a ce abin na Turawa ne kaɗai, domin a 2019 an gano ana raba wa talakawan Yuganda shi, har da jarirai.

Mu muna bayan uwar da ta ce hankalinta bai kwanta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ƙauyanci ba ne uwa ta tambayi abin da ke cikin kwalba, da illar da yake yi, da lambar NAFDAC. Mai maganin da ya husata don an tambaye shi, a bar masa kayansa. In yaro ya fara amai, ko zawo, ko jikinsa ya saki bayan shan wani abu, a tsai da shi nan take, a kai yaron asibiti tare da kwalbar.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu kemis da masu tebur a kasuwa, in an kawo muku kwalba marar lamba an ce tana buɗe bakin yaro, kada ku saye ta, ko da ribar ta ninka uku. Ku kai rahoton mai ita ofishin NAFDAC na jiharku.