Harshenmu: Ƴ, harafin da ɗiya ta haifa

A wannan mako za mu tsaya kan harafin da ya fi kowane shan wulaƙanci a rubutunmu, wato ƴ, mai lanƙwasa a ka.

Gangar jikinsa baƙuwa ce. Romawa ne suka aro Y daga Girkawa domin rubuta kalmomin Girkanci, shi ya sa har yau a lakkwal ake kiransa "i grec". Amma sautin da lanƙwasar ke nunawa namu ne, haifaffen gida. Masana harshe sun nuna cewa daga ɗ ya fito: kalmar "ɗiya" ce ta taƙaice a bakin mutanen gabas, Kano da Damagaram, ta koma "ƴa". Shaidar haka tana raye, domin a Adar da Arewa da Sakkwato har gobe ana cewa ɗiya da ɗiyan. Wannan ne dalilin da ya sa kalmomin da ke ɗauke da shi ba su da yawa, kuma dangin juna ne: ƴa, ƴar, ƴan, ƴaƴa. Hatta ƴanci daga nan yake, domin ɗa shi ne wanda ba bawa ba.

Wajen furuci, harshe na zaune ne inda yake zama in za a ce y, sai dai maƙogwaro yakan ɗan matse, kamar yadda yake yi a ɓ da ɗ. Mai karatu ya ce "yaro", sannan ya ce "ƴar", zai ji bambancin a wuyansa.

A Najeriya ana rubuta shi 'y. Mu a Nijar ƴ muke yi, kamar yadda ake yi a Fulfulde, kuma dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar da shi cikin ƙa'idar rubutun Hausa.

To, ina matsalar? Ga ta a allunan shaguna da saƙonnin salula: lanƙwasa ta ɓace, ƴaƴa sun koma yaya. Wanda ya rubuta "yayana sun zo", wansa yake nufi ko yaransa? Uzurin keken rubutu ya ƙare, tunda wayoyin yau suna da harafin ga duk wanda ya zaɓi Hausa. Yaron da ya saba karanta y a wurin ƴ, wata rana haka zai furta. Malamai da marubuta, amanar tana wuyanku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.