An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ƙarancin Jini a Jikin Yaran da Ke Shan Maganin HIV

A asibitocin da ke raba maganin HIV akwai adadi guda da kowa ke ɗokin gani a katin yaro, wato yawan ƙwayar cutar da ke yawo a jininsa. Idan ya sauka ƙasa da 1,000 a kowace mililita, ma'aikaci ya yi murmushi, a shigar da sunan yaron cikin jerin nasarori, rahoto ya wuce Abuja, daga can ya ƙetare teku. Akwai wani adadin na biyu wanda ba ya cikin burin 95-95-95 na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ya kuma cikin abin da masu ba da tallafi ke ƙirgawa, shi ne ƙarfin jinin yaron. Sai ga yaro an danne masa ƙwayar cuta, amma tafin hannunsa fari fat, yana haki in ya ɗan yi gudu, yana gyangyaɗi a aji. A takarda ya samu lafiya, a gida kuwa uwarsa ta san ba haka ba ne.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Wata daga cikin dangi ta ce ai maganin ne ke shanye masa jini. A dakatar da ƙwayoyin a ɓoye, a nufi kemis a sayo kwalbar maganin ƙarin jini. Kuskure biyu ne suka haɗu a nan: na gida, wanda ya ɗora wa magani laifin da mafi yawansa ba nasa ba ne, da na hukuma, wadda ta bar iyali su yi hukunci da ido saboda ba ta auna ba. Na biyun ya fi muni, domin shi ya haifi na farkon.

Inda zargin ya samo asali

Zargin yana da tushe, kuma ba daidai ba ne a yi wa iyaye kallon jahilai a kansa. Zidovudine, wanda aka fi sani da AZT, shi ne maganin HIV na farko da Amurka ta amince da shi, a watan Maris na 1987. Aikinsa shi ne toshe hanyar da ƙwayar cutar ke bi ta kwafi kanta, amma yana taɓa ɓargo, inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini. A gwajin farko manya na shan miligiram 1,500 a rana, kuma kusan kashi 24 cikin ɗari jininsu ya faɗi warwas, kusan ɗaya cikin biyar sai da aka yi ta yi musu ƙarin jini. Wannan tarihi ne ya bar wa maganin baƙin suna.

Sai dai duniya ta yi nisa da 1987. An rage adadin da babba ke sha zuwa miligiram 600, na yara kuma ana auna shi da nauyin jiki. Gwajin CHAPAS-3 da aka yi a Zambiya da Yuganda kan yara 478, wanda aka wallafa a 2016, ya kwatanta AZT da abacavir da stavudine. Yaran da ke kan AZT sun fi samun raguwar wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, amma ba a ga sun fi sauran faɗawa matsanancin ƙarancin jini ba. Bayan haka ma tsarin ya sake sauyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin abacavir da lamivudine da dolutegravir a matsayin maganin farko ga yara, kuma a 2021 Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓi ƙwayar dolutegravir ta yara mai miligiram 10, wadda ke narkewa a ruwa. Babu AZT a cikin wannan haɗi.

AZT bai ɓace ba duk da haka. Ana ba jariran da ke cikin babban haɗarin kamuwa daga iyayensu mata shi tare da nevirapine a makonnin farko na rayuwa, ana kuma komawa gare shi idan maganin farko ya gaza. Waɗannan yara ne suka fi cancantar a sa wa jininsu ido, musamman a watannin farko, lokacin da illar ta fi bayyana. Maganin matsalar kuwa likitoci sun san shi tuntuni: a auna, idan jinin ya yi ƙasa sosai a musanya AZT da wani. Ba a taɓa cewa a daina shan magani gaba ɗaya ba.

Masu laifin da aka ƙyale

Babban mai shan jinin yaron ita ce ƙwayar cutar da kanta. Muddin tana hayayyafa, jiki na cikin halin yaƙi, kuma a wannan hali hanta na fitar da wani sinadari mai suna hepcidin, wanda ke rufe ƙofar shigar sinadarin ƙarfe daga hanji, ya kuma kulle wanda ke ajiye a jiki. Dabara ce ta hana ƙwayoyin cuta abinci, amma ɓargo ma yana shiga yunwar. Ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, saboda haka idan ƙira ta ragu, sai jini ya riƙa zurarewa a hankali ba tare da an ga rauni ba. Shi ya sa a mafi yawan yara jini hawa yake yi bayan an fara magani. Wanda ya dakatar da maganin don ceton jini ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago. Binciken da aka tattara daga Afirka a 2004 ya nuna cewa kusan rabin jariran da suka kamu ba sa kai shekara biyu idan babu magani, kuma gwajin CHER na Afirka ta Kudu a 2008 ya nuna cewa fara magani da wuri ya rage mutuwar jarirai da kashi 76 cikin ɗari.

Sannan yaron nan ba a sarari yake zaune ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙarancin jini a kashi 68 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59, masu HIV da marasa ita. Ƙasar na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na zazzaɓin cizon sauro na duniya baki ɗaya, cutar da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini, saifa kuma ta kwashe har da masu lafiyar cikinsu. Ana haifar jarirai kimanin 150,000 da amosanin jini a kowace shekara. Ga tsutsar ciki mai tsotsar jini ta bangon hanji, ga tarin fuka, ga tamowa, ga kunu da tuwo marasa nama da ganye. Yaro mai HIV yana ɗauke da duk waɗannan tare da tasa larurar. A ɗora komai a kan ƙwayar maganin da yake haɗiya da safe, wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Kwalbar da ke kan kanta

Amsar da kasuwa ta tanada ita ce jan ruwa mai zaƙi a kwalba. Tana da farin jini saboda ba ta tambayar komai, ba ta kuma buƙatar uwa ta faɗi abin da ke damun ɗanta a gaban jama'a. Amma tunanin cewa kowane ƙarancin jini ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ya daɗe da rushewa. Wani bincike da aka yi a Malawi, aka wallafa a 2008, ya duba yaran da aka kwantar da matsanancin ƙarancin jini, ya samu alaƙa da ƙwayoyin cuta a jini, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da HIV, da ƙarancin bitamin A da B12. Ƙarancin sinadarin ƙarfe bai fito cikin manyan dalilai ba. A tsibirin Pemba na Zanzibar kuwa, dole aka dakatar da wani sashe na gwajin da aka wallafa a 2006, saboda yaran da aka bai wa sinadarin ƙarfe da folik asid a yankin da sauro ya yi katutu sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa. Daga nan ne aka gindaya sharaɗi: a irin waɗannan wurare, ba da sinadarin ƙarfe sai tare da rigakafi da gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Yaron da aka tabbatar yana da ƙarancin sinadarin yana buƙatarsa, kuma ya kamata a ba shi. Kalmar da ke da nauyi ita ce tabbatarwa. Mai kemis da ya miƙa kwalba ba tare da gwaji ba ya sayar da jinkiri ne, kuma ma'aikacin lafiya da ya rubuta ta don ya sallami uwa da sauri bai fi shi ba.

Akwai wani giɓin da ba a cika magana a kansa ba. Yawancin yara masu HIV na shan cotrimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, a kullum. Wasu na zarginsa shi ma, kuma gaskiya ne yana iya taɓa ɓargo. Amma gwajin da aka yi a Zambiya a 2004 ya nuna ya rage mutuwar yara da kashi 43 cikin ɗari, kuma yana ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Saboda kamanninsa da ɗaya daga cikin magungunan rigakafin da ake rabawa gida-gida a damina, ƙa'ida ta ce kada a ba yaron da ke shansa wancan rigakafi. Ma'ana, idan Septrin ya yanke a asibiti, ko aka daina ba shi a gida, yaron na iya shiga watan Agusta ba shi da wannan ba shi da wancan.

Uzurin da ba ya karɓuwa

Masu kare tsarin da ake kai suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Gwajin ARROW da aka yi a Yuganda da Zimbabuwe kan yara 1,206, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna cewa gwajin jini na yau da kullum don neman illar magani bai ƙara wani amfani mai yawa ba. Wannan sakamako ya yi alheri, domin ya kawar da uzurin hana yaran karkara magani don babu ɗakin gwaji. Amma yaran ARROW ana ganinsu akai-akai, likita na da ikon neman gwaji duk lokacin da ya ga alama, kuma sakamakon da ya kai matakin haɗari ana sanar da shi ko da bai nema ba. Darasin gwajin shi ne kada magani ya jira ɗakin gwaji. Wanda ya karanta shi a matsayin izinin miƙa wa kaka maganin wata uku ba tare da an ɗaga fatar idon yaro ba ya karanta abin da ransa ke so ne.

Uzuri na biyu shi ne kuɗi, kuma ya ƙara ƙarfi tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a watan Janairun 2025, abin da ya girgiza shirin PEPFAR da ya ɗauki nauyin babban kaso na maganin HIV a Nijeriya. Amma awon ƙarfin jini ɗigo guda ne daga yatsa, a na'urar da ke shiga aljihu, sakamako cikin mintuna. Tsarin da ke iya ɗaukar samfuri a kan babur zuwa babban ɗakin gwaji don ƙirga ƙwayar cuta ba zai ce wannan ya gagare shi ba. Gaskiyar ita ce an saba auna abin da mai ba da tallafi ke tambaya. Magani kyauta ne, amma sau da yawa gwajin jini da ƙarin jini daga aljihun iyali suke fita, kuma iyalin da ya biya kuɗin mota da kyar ba zai sake biyan na gwaji ba. Gwamnatocin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu zai tafi ga lafiya, kuma kasafin tarayyar Nijeriya bai kai wurin ba har yau. Janyewar baƙi ta kawar da labulen da ake fakewa a bayansa.

Abin da ya wajaba

Ido ba mudu ba ne. Ya san kima, amma yakan gane ƙarancin jini ne bayan ya yi nisa. Awon Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake: ƙasa da giram 11 a kowace desilita ƙarancin jini ne ga ɗan shekara biyu zuwa biyar, ƙasa da 7 kuma matsananci ne. Ya wajaba Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar NACA da ma'aikatun jihohi su sanya wannan awo cikin kulawar kyauta ga kowane yaro mai shan magani: a ranar farawa, a watannin farko ga wanda ke kan AZT, da duk lokacin da ya yi zazzaɓi ko ya rame. Idan ya yi ƙasa, a nemi dalili kafin a rubuta magani, a gwada zazzaɓin cizon sauro, a duba rukunin jini don amosani, a ba da maganin tsutsa, a binciki tarin fuka, a tambayi abin da yaron ke ci. A tabbatar Septrin da gidan sauro ba sa yankewa. A kuma gaya wa uwa tun ranar farko, da harshen da take ji, cewa fari a ido da haki dalili ne na dawowa asibiti da gaggawa, ba na ajiye magani ba.

Masu ilmin da ake kira a waya idan ɗan dangi ya kwanta su ma suna da nasu rabon. Maganarsu tana da nauyi a tsakar gida fiye da ta kowace takardar hukuma. Idan aka zo musu da cewa magani na shanye jinin yaro, tambaya ɗaya ce ta dace kafin kowace shawara: an auna jinin, kuma nawa aka samu?